Tupac ko Biggie: wa ya fi wani, kuma a wane fanni?

Su wane ne mutanen nan biyu da ake ta musu a kansu har yau?

Mawaƙan rap ne baƙaƙen fata na Amurka, sa'annin juna. An haifi Tupac Shakur a unguwar Harlem ta birnin New York ranar 16 ga Yuni, 1971. Mahaifiyarsa Afeni 'yar ƙungiyar Black Panther ce mai fafutukar 'yancin baƙar fata, kuma da cikinsa ta yi zaman kurkuku kafin kotu ta wanke ta. Ya yi makarantar fasaha a Baltimore inda ya koyi wasan kwaikwayo da rubutacciyar waƙa, daga baya iyalin suka koma California.

Shi kuwa Christopher Wallace, wanda aka fi sani da Biggie ko Notorious B.I.G., an haife shi a Brooklyn ranar 21 ga Mayu, 1972. Mahaifiyarsa Voletta mutuniyar Jamaika ce, malamar makarantar yara, ita kaɗai ta raine shi. Yaro ne mai ƙwaƙwalwa a aji, amma titi ya ja shi, ya bar karatu ya shiga sayar da ƙwaya kafin waƙa ta fitar da shi.

Ba abokai ba ne da farko? Me ya shiga tsakaninsu?

Abokai ne ƙwarai. Tupac ya riga shi yin suna, kuma yakan ja shi su hau dandali tare. Abin ya lalace ne a ƙarshen Nuwamban 1994, lokacin da 'yan fashi suka harbi Tupac a ƙofar ɗakin ɗaukar waƙa na Quad da ke Manhattan, alhali Biggie da mutanensa suna saman benen. Tupac ya tsira, amma ya ƙulla a ransa cewa sun san da maganar. Biggie ya musanta har ya mutu, kuma ba a taɓa tabbatar da zargin ba.

Sai kamfanoni suka shigo. Suge Knight na Death Row ya tsaya wa Tupac aka ba da belinsa a 1995, shi kuma Biggie yana hannun Sean Combs na Bad Boy. Rigimar mutum biyu ta koma ta mawaƙan gabashin Amurka da na yammacinta, mujallu suna hura wuta domin tana sayar musu da kaya. A 1996 Tupac ya saki “Hit 'Em Up”, zambo ne tsirara wanda ba ya ko sakaya suna. Ni dai ban taɓa jin daɗin waƙar nan ba, duk da zafinta, domin na san inda maganar ta ƙare.

Idan iya sarrafa harshe ake magana, wa ya fi?

Biggie, kuma ba na jin akwai doguwar jayayya a nan. Ka saurari yadda yake zama a kan kiɗa. Muryarsa mai kauri ce, ba ya gaggawa, yakan ɗan jinkirta kamar kiɗan zai bar shi, sai ka ga ya faɗo daidai inda ya kamata. Amsa-amonsa ba a ƙarshen layi kaɗai yake ba, yana cusa shi a tsakiya, ya ninka, ya sauya kari a cikin baiti guda ba tare da ka ji an yi tuntuɓe ba. Waɗanda suka yi aiki da shi sun sha faɗin cewa ba ya rubutawa. Zai zauna a kujera kiɗa yana ta juyawa, yana gyaɗa kai, leɓɓansa suna motsi, bayan sa'o'i ya miƙe ya shiga ya rera daga ka. Mu da muka san mawaƙan baka irin su Shata, wannan baiwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu, kuma mun san ba kowa ake ba ita ba.

Ga kuma ba da labari. A waƙar “Warning” wani ne ya kira shi da asuba yana gaya masa ana shirin yi masa fashi, kuma shi kaɗai ya yi muryoyin biyu, mai kira da mai amsawa. Kana ji kana ganin ɗakin, kana ganin mutumin yana mutsuke ido. Yana da ban dariya a tsakiyar abin tsoro, abin da Tupac bai cika yi ba.

To me ya sa sunan Tupac ya fi zagaya duniya?

Saboda shi zuciya yake nufa kai tsaye. Muryarsa ta mai wa'azi ce, yana jan wasula, yana nanata magana har ta zauna. Ko ba ka jin Turanci za ka gane mutumin nan yana cikin fushi ko yana cikin kuka. Na tuna wani shagon aski a unguwarmu, hotonsa na manne a jikin madubi, ɗankwali ɗaure a goshi, gefen takardar ya naɗe saboda zafi. Mai askin ba ya iya fassara layi ɗaya, amma in kaset ya zo kan “Dear Mama” sai ya rage surutu. Ya san ta uwa ce, kuma hakan ya ishe shi.

Waƙar kuwa ta cancanci haka. Bai ɓoye cewa mahaifiyarsa ta faɗa shaye-shaye ba, bai kuma fasa girmama ta ba, har Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa ta cikin muryoyin da ake adanawa don tarihi. Tun a faifansa na farko a 1991, yana ɗan shekara 20, ya yi waƙa kan yarinya 'yar shekara 12 da aka yi wa ciki aka watsar. Ya yi magana kan zaluncin 'yan sanda da talaucin unguwannin baƙaƙe har mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Dan Quayle, ya fito ya soki faifan. Ƙara da fina-finai irin su Juice na 1992, da fuskar da kyamara ke so. Biggie yana ba ka labarin lungu ɗaya na Brooklyn da ƙwarewar da ba ta da tamka, shi kuwa Tupac duk wanda aka taɓa dannewa yana jin da shi ake.

Anya ba a wanke su da yawa ba?

Ana yi, kuma bai dace ba. Kotu ta sami Tupac da laifin cin zarafin wata mata, aka ɗaure shi a 1995, yana gidan yari faifansa Me Against the World ya hau matsayi na ɗaya. Mutumin da ya rera waƙar ƙarfafa wa mata gwiwa shi ne kuma ya zage su a wasu waƙoƙin. Biggie ma akwai baitocinsa na kisa da batsa da ba za ka so ɗanka ya haddace ba. Wanda ke son su da gaske ba ya bukatar ya musanta wannan.

Adalci ne a gwada su alhali yawan aikinsu ba ɗaya ba?

Nan ne ma'aunin ya karkace. Faifai ɗaya tak Biggie ya gani a kasuwa da idonsa, Ready to Die na 1994. Na biyu, Life After Death, ya fito kwana 16 bayan kashe shi. Tupac ya fitar da huɗu yana raye, ya bar tarin waƙoƙin da aka yi shekaru ana saki, domin aiki yake yi kamar ana korarsa. Shi ya sa a nasa akwai zinariya akwai ƙaiƙayi, a na Biggie kuwa da wuya ka sami baitin da aka yi da sakaci. In za a tilasta mini, zan ce Biggie ya fi iya waƙa, amma Tupac nake kunnawa idan raina ya ɓaci.

An gano waɗanda suka kashe su?

An harbi Tupac a Las Vegas ranar 7 ga Satumba, 1996, bayan damben Mike Tyson, ya cika bayan kwana shida yana da shekara 25. Wata shida bayan nan, ranar 9 ga Maris, 1997, aka harbe Biggie a cikin mota a Los Angeles yana da 24. Sai a Satumban 2023 aka kama wani mai suna Duane Davis aka tuhume shi kan kisan Tupac, ya kuma musanta laifin a kotu. Na Biggie ba a taɓa gurfanar da kowa ba. Mahaifiyarsa ta yi shekaru tana bin maganar, ta rasu a Fabrairun 2025 ba ta ga an kama wanda ya kashe mata ɗanta tilo ba.