Zanen Sura: Yadda Yake Bayyana Hali da Matsayin Mutum

Zanen sura shi ne hoton wani mutum takamaimai da ake yi da fenti, wanda yakan zauna gaban mai zane sau da yawa kafin aikin ya kammala. A Turai, kafin zuwan kyamara a ƙarni na 19, sarakuna da attajirai da manyan coci ne suka fi sa a yi musu shi, kuma bukatarsu ta wuce kamannin fuska, domin so suke duk wanda ya kalla ya san darajarsu.

Matsayi yakan fito ne daga tufafi da kayan da ke kewaye da mutum. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutumin Damagaram, wanda ranar hawan salla yake gane basarake daga naɗin rawaninsa da alkyabbarsa tun kafin maroƙi ya yi masa kirari. A zanen da Hyacinthe Rigaud ya yi wa Sarkin Faransa Luwi na 14 a 1701, sarkin yana tsaye cikin shuɗiyar alkyabba mai furannin zinariya, da takobi a ƙugu, ya dogara da sandar mulki, kambinsa kuma yana ajiye a gefe bisa matashi.

Hali ya fi wuyar kamawa, kuma a nan ake gane gwani, domin daga ido da baki da ajiyar hannu yake fitowa. Diego Velázquez ya zana Fafaroma Innocent na 10 a 1650 cikin jajayen kaya na alfarma, amma bai ɓoye ɗaurewar fuskarsa da kallonsa mai tuhuma ba.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Ayuba Sulaiman Jallo, Bafillace mai ilimin addini daga Bundu ta ƙasar Senegal ta yau, wanda aka sayar bawa zuwa Maryland a Amurka kafin a kai shi Ingila, inda ya sami 'yancinsa. Da William Hoare zai zana shi a 1733, sai Ayuba ya nemi a fito da shi cikin kayan ƙasarsu, ya kuma siffanta su da baki. Shi ya sa ake ganinsa da farin rawani da farar riga, da Alƙur'ani mai jan bango rataye a wuya, yana duban mai kallo ido da ido cikin natsuwa, ba wata alamar bauta a jikinsa. Shekara ɗaya bayan haka ya kama hanyar gida.