Abin da doka ta tanada idan ma'aikacin jinya ya karya ƙa'idar aiki

Da wuya a zauna hirar asibiti ba a ji labarin nas ɗin da ta daka wa mai naƙuda tsawa a ɗakin haihuwa ba, ko wanda ruwan da aka sa wa majinyaci ya ƙare yana can yana danna waya. Yawanci ƙorafin a bakin ƙofar asibiti yake mutuwa, a ce an bar wa Allah, alhali doka ta buɗe hanyar bin kadi.

Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda dokar soja mai lamba 89 ta 1979 ta kafa, ita ce ke yi wa nas da ungozoma rajista, ita ce kuma ke ba su lasisin aiki da ake sabuntawa duk bayan shekara 3. Dokar ta kafa kotun ladabtarwa ta musamman, wadda za ta iya hukunta mai rajista idan ya aikata abin kunya a bakin aiki, ko wata kotu ta kama shi da laifin da bai dace da ma'aikacin jinya ba, ko kuma aka gano cewa da maguɗi sunansa ya shiga rajista. Hukuncin yana iya zama jan kunne, ko dakatarwa na wani lokaci, ko soke suna gaba ɗaya, wanda ke nufin an raba mutum da aikin. Wanda aka hukunta yana da damar ɗaukaka ƙara.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta fi fito da haƙƙin majinyaci fili. Sashe na 20 ya haramta wa ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin duba wanda ke buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane irin dalili, har da rashin kuɗi, kuma wanda ya saɓa zai iya fuskantar tarar naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. Sashe na 26 ya ce bayanin ciwon mutum sirri ne. Saboda haka nas ɗin da ta koma unguwa ta faɗa wa maƙwabciya sakamakon gwajin wance, ko ta ɗauki hoton majinyaci ta ɗora a Facebook, ta taka doka, ko da ba da mugun nufi ta yi ba. Idan sakaci ya kai ga rasa rai kuwa, maganar za ta iya zama ta 'yan sanda da kotun manyan laifuka.

A ganina, abin da ya fi ɓata sunan aikin shi ne yadda jama'a ke kiran duk mai farin kaya nas. Wasu asibitocin kuɗi suna ɗaukar yara su koya musu allura da ƙarin ruwa na 'yan watanni, su sa musu kayan aiki, alhali hukumar ba ta san da zamansu ba. Irin waɗannan kotun ladabtarwa ba ta da sunan da za ta soke musu. Laifinsu na sojan gona ne, wanda dokar 1979 ta mayar da shi abin gurfanarwa a gaban kotu. Amma idan suka yi ɓarna, nas mai rajista ne ke shan zagi, shi da ake barin sa shi kaɗai da ɗaki cike da marasa lafiya a aikin dare.

Wanda aka cuta ya fara da rubuta sunan ma'aikacin da rana da lokaci, ya adana katin asibiti da rasit, sannan ya kai ƙorafi a rubuce ga shugaban ma'aikatan jinya na asibitin. Idan ba a saurare shi ba, ya wuce sashen jinya na ma'aikatar lafiya ta jiharsa, ko ya rubuta wa hukumar kai tsaye a Abuja, ya nemi a fara tabbatar da ko wanda yake ƙara yana da rajista.