Waiwaye: Gorin Talauci Da Gorin Asali A Ƙasar Kabi Da Zamfara

In aka tayar da zancen wariyar launin fata a majalisa a Gusau ko Birnin Kebbi, hankalin kowa Amurka yake tafiya, ko Afirka ta Kudu ta zamanin mulkin farar fata. A nan, in ji masu magana, dukanmu baƙaƙe ne, akasarinmu kuma alƙibla ɗaya muke fuskanta, to wa zai ware wa? Abin da muke da shi gori ne kawai da tsokana: "baƙauye", "bagidaje", "matsiyaci", "ɗan rundawa", "jikan bawa", "arne", "Bafulatanin daji". Ana jero su kamar nauyinsu ɗaya. Ni ban yarda nauyinsu ɗaya ba ne. Wasu suna sukar halin da mutum ya samu kansa a yau, wanda gobe zai iya fita daga ciki. Wasu kuwa cikin da ya haife shi suke suka, su bi shi har kabari, su koma kan 'ya'yansa. Tarihin ƙasar nan ne ke nuna yadda aka yi suka rabu.

Tun zamanin Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16 ya zauna a Surame, da zamanin sarakunan Zamfara kafin Gobirawa su ci birninsu a ƙarni na 18, jama'a hawa-hawa take. Masu sarauta a sama, malamai da fatake na biye, sai talakawa manoma, sannan bayi. A cikin talakawan ma sana'a na raba daraja, sana'ar kuma gado ce. Ɗan maƙeri a gindin zuga-zugi yake tashi, ɗan Sarkawa da homa a hannu, ɗan rundawa da wuƙar fiɗa. M. G. Smith, wanda ya yi nazarin zaman Hausawa a ƙasar Zazzau, ya rubuta a 1959 cewa mahauta da makaɗa suna cikin waɗanda ake ajiyewa can ƙasa. Abin da ya gani a Zazzau, kowane dattijo a Anka ko Jega ya san shi ba sai an karanta masa ba. Ba a suna sai da wanzami, ba a naɗin sarauta sai da makaɗi, ba a cin kasuwa sai da mahauci, amma in aka zo haɗa jini sai a ja baya. Ƙasar da ta fitar da manyan makaɗan fada daga Maradun da Faru da Yawuri, waɗanda sarakuna ke yi wa kyautar doki da riga, ita ce kuma ake ce wa yarinya a cikinta kada ta kuskura ta kawo ɗan maroƙa gida.

Jihadi ya zo da alƙawarin gyara. Shehu Usmanu ya yi kusan shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara tun kafin a ɗaga takobi a 1804, kuma cikin abubuwan da ya zargi sarakunan lokacin da su har da ƙwace dukiyar talaka da ɗora masa haraji ba bisa shari'a ba. An ci Birnin Kabi a 1805, Alƙalawa ta faɗi a 1808. Sai dai ba a daɗe ba wani sabon fifiko ya tsiro, na gidajen da suka karɓi tuta da zuri'arsu, waɗanda aka ci da yaƙi kuma aka haɗa su a suna ɗaya, Haɓe. Malam Abdullahi na Gwandu da kansa bai yi shiru ba. A littafinsa Tazyinul Waraƙat ya koka da mutanen da suka bar abin da aka fito dominsa suka koma tara dawaki da ƙwaraƙwarai da neman mulki, har ransa ya ɓaci ya kama hanyar gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi. Kabawa kuwa suka tare a Argungu suka yi ta gwabzawa da Gwandu da Sakkwato har zuwan Turawa. Sai a 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka yi masa bikin kamun kifi, aka ga alamar an binne gabar a fili.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne bauta. Masana tarihi Lovejoy da Hogendorn sun ƙiyasta cewa lokacin da Turawa suka ci daular Sakkwato akwai bayi tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2.5 a cikinta. Ba daga sama suka faɗo ba. Da yawa an kamo su ne daga al'ummomin da ba su musulunta ba, kuma kudancin jihar Kebbi ta yau yana cikin wuraren da suka sha hari, musamman daga Kontagora a zamanin Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim. Kambari da Dukkawa da maƙwabtansu sun san wannan labari a bakin kakanninsu. Kalmar "arne" a wancan lokaci hukunci ce, domin wanda aka liƙa wa ita ya halatta a kama shi a kai rinji ko kasuwa. Shi ya sa in Bahaushen Birnin Kebbi ya jefa wa mutumin Zuru ita a tasha, yana ganin baƙar magana ce kawai ta fita, shi kuwa wanda aka jefa wa ya ji abin da ya fi haka zurfi. Ba banza ba ne wasu 'yan boko na ƙasar Zuru suka fi son a kira su Lelna, sunan da suke kiran kansu, maimakon Dakarkari, kamar yadda mutanen tsibiran Yawuri da muke ce wa Gungawa suke kiran kansu Reshe.

Turawa ba su yanke bauta rana ɗaya ba. Dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu na shekarar ɗa ne, amma iyayensa suka ci gaba da zama a hannun iyayengijinsu, masu hali suna biyan murgu, wato kuɗin da bawa ke ba ubangijinsa don ya bar shi ya yi aikin kansa, suna tara kuɗin fansar kai. Sai a 1936 aka soke bautar gaba ɗaya a Arewa. Ke nan akwai tsofaffi a raye yau da suka tarar da kakanninsu cikin wannan hali. Doka ta goge sunan a takarda, unguwa ba ta manta ba. An san gidan da ya fito daga rinjin wane, an san wanda kakarsa kuyanga ce. Turawan kuma sun ƙara wa miyar nasu gishirin. Lugga da jami'ansa sun zo da aƙidar cewa wasu jinsunan an halicce su da iya mulki, suka ɗauki Fulanin sarauta a matsayin jinsin da ya fi sauran kusa da su, suka gina mulkinsu a kan haka. Wanda ya ce tunanin fifikon jinsi bai taɓa sauka a ƙasar nan ba, bai duba rahotannin Razdan da Di'o ba. Ko launin fatar ma da muke cewa bai dame mu ba, mu ne masu cewa farar mace alkyabbar mata, mu ne kuma 'yan matanmu ke ƙona fatarsu da man bilicin kafin biki.

A 1950 aka kafa NEPU a Kano, sanarwarta ta Sawaba ta faɗa ƙarara cewa akwai gwagwarmaya tsakanin masu riƙe da En'e da talakawa. 'Yan jam'iyyar sun sha bulala da ɗauri a kotunan alƙalai, amma sun yi nasarar abu ɗaya, sun mayar da "talaka" sunan da mutum ke buga ƙirji da shi. Yau babu ɗan takarar da zai hau mumbari a Ƙauran Namoda bai ce shi ɗan talakawa ne ba, ko da ubansa ya gaji sarauta. Amma ba a taɓa jin wanda ya hau ya ce shi jikan bayi ne a zaɓe shi ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna gorin biyu ba hanya ɗaya suka bi ba.

Duniya ma ta yi wannan gardamar. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1965 kan kawar da wariyar jinsi, wadda Najeriya ta shiga a 1967, ba launin fata kaɗai ta ambata ba, ta haɗa da ƙabila da ƙasar asali da kuma zuri'ar da mutum ya fito. Indiya ta daɗe tana cewa tsarinta na rarraba mutane gida-gida bisa gado ba wariyar jinsi ba ne, aka kai ruwa rana a kan haka a taron duniya kan wariyar jinsi da aka yi a Durban a 2001. A 2002 kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar ya fitar da matsaya cewa wariyar da ake gada ta hanyar haihuwa tana cikin abin da aka hana. A Ingila kuma an yi ta ce-ce-ku-ce kan kalmar "chav" da ake yi wa matasan unguwannin marasa galihu. Dokar daidaito ta 2010 a can ba ta sa talauci cikin abubuwan da ta kare ba, don haka wanda ya yi wannan gori bai taka ta ba, alhali mutanen Romani masu yawo kotu ta amince ƙabila ce da doka ke karewa. Masana harshe da yawa kuma suna ganin kalmar daga harshen Romani ɗin ta samo asali. Ko a can, in an tona gorin talauci akan tarar da ƙabila a ƙarƙashinsa.

Tsarin mulkinmu na 1999 bai bar ƙofa ba. Sashe na 42 ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda ƙabilarsa ko garinsu ko addininsa, ya ƙara da cewa ba za a hana kowa wani haƙƙi don yanayin haihuwarsa ba. Majalisar Jihar Gabas ta yi dokar soke tsarin Osu, wanda ke ware wasu gidaje bisa gado, tun 1956, ko da yake har yau Inyamurai na fama da shi a wajen aure. A ƙetaren iyaka, a ƙasar Ƙonni, Hadijatou Mani da aka sayar tana yarinya ta kai Nijar ƙara kotun ECOWAS, ta yi nasara a 2008. Mu a nan ko yarda cewa akwai abin da za a hana ba mu yi ba.

Wanda ke son ganin abin da idonsa ya zauna a zaure ranar da aka dawo daga binciken asalin mai neman aure. Yaro ya yi karatu, yana aikin asibiti, ba ya sha ba ya caca, liman ya shaide shi a sahun farko. Ƙanen uban yarinya ya gyara zama ya ce, "Yaya, yaron kirki na, ban ji aibinai ko guda ba. Sai dai gidansu gidan rundawa na." Sai zaure ya yi tsit. Babu wanda zai ce an ƙi shi don haka. Za a aika wa iyayensa cewa an riga an yi wa yarinya miji a dangi, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Da baƙauye aka ce, da an duba albashinsa da motarsa an ce ai yanzu ya waye. Wannan kuwa babu digirin da ke wanke shi, kuma ɗan da zai haifa zai tarar da maganar tana jiransa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne a mazhabar da muke bi babu madogara ga wannan. Malikiyya, saɓanin wasu mazhabobi, ba ta sa nasaba ko sana'a cikin sharuɗɗan dacewar ma'aurata ba, addini da lafiyar jiki take dubawa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya umarci Banu Bayala su aurar wa Abu Hindu, su kuma nemi aure a gidansa, shi kuwa mai yin ƙaho ne, wato wanzami. Da Abu Zarri ya goranta wa wani mutum uwarsa, cewa aka yi akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Zamfara, jihar da ta riga kowa ƙaddamar da shari'a a 1999, ta san waɗannan hadisai, ana karanta su a zaurukan da ake hana auren.

Akwai masu kare abin da cewa ai wasa ne irin na taubasai. Wasan gaskiya ne akwai shi, tsakanin Zamfarawa da Dakarkari, tsakanin Fulani da Barebari, tsakanin Gobirawa da Yarbawa. Kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa, a yi dariya, a sa hannu a akushi ɗaya. Amma a wannan wasa kowane ɓangare na da bakin ramawa, kuma ba a yin sa da wanda aka san da gaske kakansa bawan gidan ne. Wancan ba ya ramawa, sunkuyar da kai yake yi.

Zamfara ta ga inda irin wannan magana ke kaiwa. A da, "Bafulatanin daji" gorin rashin wayewa ne, har Fulanin gida na yi wa na ruga. Ma'anarsa mutumin da bai yi boko ba, wanda za a iya cinye masa burtali a noma, a kai shi ofishin 'yan sanda ko gaban alƙali a sa ya sayar da saniya. Daga wajen 2011, da satar shanu da garkuwa da mutane suka yi ƙamari, sai sunan ya koma nufin ɓarawo. 'Yan sa-kai suka riƙa tare mutane a kasuwanni, shaidarsu kamannin fuska da sanda da irin hular da mutum ya sa, aka kashe masu laifi da marasa laifi. 'Yan bindiga su ma in sun faɗa ƙauye "kaɗo" suke gani, ba su tambayar wanda ya taɓa cutarsu da wanda bai taɓa ba. Mu da muke jin zafi in an kira mu "aboki" da raini a Legas ko Fatakwal, an tara mai gadi da likita a suna ɗaya, mun yi wa maƙwabcinmu irinsa a gida.

Yanzu haka wani sabon gorin asali na tsirowa. Matan da aka sace aka tsare a daji wata da watanni, wasu sun dawo da ciki, wasu da goyo. A ƙauyukansu da wuraren da 'yan gudun hijira suka fake a Anka da Gusau, an fara nuna yaran da baki ana cewa 'ya'yan ɓarayin daji. Waɗanda suka fara zuwa duniya a cikinsu sun isa shiga makarantar allo, nan da shekara goma sha kuma za a je binciken asalinsu.