Gilashin da ke kama yatsa: tambayoyi kan lantarkin da ke sa a ji kaushi a fuskar waya

Duk wanda ya taɓa shafa murfin ƙarfen laftof tana kan caji, ya ji wani ɗan zirrr a yatsa kamar ƙarfen ya tsiro gashi, to ya riga ya gamu da abin da za mu yi magana a kai. Da an zare cajar, ƙarfen sai ya koma sumul. Wannan ɗan abu da muke ɗora wa caja laifinsa shi ne injiniyoyi ke neman sarrafawa, domin a shafa hoton tabarma a fuskar waya a ji kaushin tabarma.

Wai ta yaya gilashi mai santsi zai yi kaushi?

Gilashin ba ya canza komai. Abin da ke canzawa shi ne yadda yake riƙe fata. A saman gilashin ake shimfiɗa wani siririn shafi mai ɗaukar lantarki, wanda ido ke gani ta cikinsa, sannan a lulluɓe shi da wani shafin da ba ya barin wuta ta wuce, wanda ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Idan aka tura caji cikin shafin na ƙasa, sai kishiyar cajin ta taru a cikin yatsa, su ja juna. Wasan nan da muke yi a firamare, a goga biro a gashi ya ɗauki guntun takarda, ai shi ne dai.

Jan ba shi da ƙarfin da zai motsa yatsa. Iyakarsa ya ƙara manna fata da gilashi kaɗan, gogayya ta ƙaru. To idan ana ƙara cajin ana ragewa sau ɗari ko ɗari biyu a daƙiƙa guda, yatsan da ke tafiya sai ya riƙa jin kamawa da saki, kamawa da saki, ƙwaƙwalwa kuwa ta karanta hakan a matsayin kaushi. Idan bugun na a hankali ne a ji kamar gargada, idan na sauri ne a ji kamar takarda. Fatar mutum ta fi jin bugun da ya kai wajen sau 250 a daƙiƙa. Da yake na'urar ta san inda yatsa yake a kowane lokaci, tana iya kunna jan daidai lokacin da ya iso bakin wani layi, a ji kamar an tsallaka ƙaramar kunya.

Ba shi ne jijjigar da waya ke yi idan kira ya shigo ba?

A'a. A tsofaffin wayoyin Nokia wani ɗan inji ne ke juya ƙarfe mai nauyi a gefe guda, wayar ta yi ta rawa a kan tebur. Na zamani sun fi tsari. Apple ya fito da wani ɗan injin bugu mai suna Taptic Engine a agogonsa a 2015, kuma a iPhone 7 ta 2016 maɓallin da ke ƙasa ba ya lotsawa ko kaɗan, bugun injin ne ke sa a ji kamar an danna. Amma duk waɗannan wani abu ne ke motsi, kuma hannu gaba ɗaya ke ji.

A wannan fasahar babu abin da ke motsi, babu ƙara. Sai dai tana da sharaɗi: dole yatsa ya kasance yana tafiya. Da ya tsaya, shi ke nan, gilashi ya koma gilashi. Saboda haka ba za ta sanar da mutum kira daga aljihu ba, ba kuma za ta kwaikwayi danna maɓalli ba.

Wutar ba za ta ja mutum ba?

Ƙarfin turawar wutar kan kai bolt ɗari ko fiye, wanda ya isa ya tsorata mai karatu. Amma abin da ke cutarwa shi ne yawan wutar da ta ratsa jiki, shi kuwa shafin nan na sama aikinsa ke nan ya hana ta. A wata na'urar gwaji mai suna TeslaTouch an ƙayyade wutar kada ta wuce rabin mili-amfa, wato 'yar ƙanƙanuwa ƙwarai. Tartsatsin da ke tsunkulin mutum da hunturu idan ya taɓa ƙofar mota ya kai dubban bolt, amma ba ya wuce firgita.

Batun laftof daban ne, don can ba tsara shi aka yi ba. Yakan faru ne da caja mai ƙafa biyu, ko soket ɗin da ba a haɗa masa wayar ƙasa ba, irin wanda ya cika gidajenmu. Ɗan zirrr ɗin ba abin tayar da hankali ba ne, amma idan ya kai ga cizo, a nemi mai gyaran wuta.

Wa ya gano shi?

Wasu injiniyoyi biyu 'yan Denmak, Alfred Johnsen da Knud Rahbek, sun bayyana yadda caji ke manna abubuwa biyu tun 1923. A 1953 kuma Edward Mallinckrodt da abokan aikinsa a Amurka suka ba da rahoton cewa wani maƙalin ƙwan fitila na tagulla yana rasa santsinsa idan fitilar na kunne. Abin ya daɗe a ɗakunan bincike, har zuwan wayoyin shafawa. A 2010 sashen binciken Disney da ke Pittsburgh ya nuna TeslaTouch. Kamfanin Senseg na Finlan ya yi ta tallar nasa, har a 2012 aka yi ta raɗe-raɗin zai fito a sabuwar iPad, bai fito ba; wani kamfanin Sin, O-Film, ya saye shi a 2016. Sai Tanvas na Shikago, wanda malamai biyu na Jami'ar Northwestern, Ed Colgate da Michael Peshkin, suka kafa, ya baje nasa a bikin baje kolin kayan lantarki na CES na 2017.

To me ya sa har yau ba ya cikin wayoyinmu?

A ganina babbar matsalar ita ce rabin na'urar jikin mutum ne, shi kuwa jiki ba a masana'anta ake ƙera shi ba. Busasshiyar fatar saman yatsa tana cikin lissafin. Idan ta jiƙe da gumi, abin ya raunana. Kaurinta ma ya bambanta: hannun manomi mai kanta ba ɗaya yake da na ɗan ofis ba. A ɗauki mutum guda a Kano ko Damagaram, yatsansa na watan Janairu da ya bushe ƙamas, ko aka lafta masa basilin, ba shi ne na watan Afrilu da gumi ke tsatstsafowa ba. Kamfanin waya kuwa yana son abin da kowa zai ji iri ɗaya, kullum.

Sannan akwai gilashin kariya. Wa ke sayen sabuwar waya ya bar kasuwa ba a manna masa shi ba? Jan caji yana raguwa sosai da zarar tazara ta ƙaru, don haka wannan gilashin kaɗai ya isa ya kashe aikin. Idan kuma aka bar fuskar tsirara, siririn shafin nan zai yi ta fama da makulli da yashi a aljihu.

Akwai kuma batun haɗa jikin mutum da na'urar, don abin ya fi fitowa idan ɗaya hannun na taɓa ƙarfen jikinta, robar da muke sa wa waya kuwa ta raba su. Ga shi idan shafin guda ne, yatsu biyu a wurare daban abu ɗaya za su ji. Kuma gaskiya abin ba shi da ƙarfi: yana burge mutum minti biyar na farko, daga nan ya fara tambayar me zai yi da shi.

Na sawa a jiki fa?

Nan ne nake ganin abin ya fi alamar ɗorewa, domin an cire fata daga lissafin. A 2018 masu bincike a manyan makarantun fasaha biyu na Suwizalan, EPFL da ETH Zurich, suka nuna wata safar hannu mai suna DextrES. A bayan yatsun akwai siraran fallayen ƙarfe da ke zamewa kan juna. Idan mutum ya sa tabarau na duniyar kwamfuta ya kai hannu ya kama kofin da babu shi, sai a tura caji, fallayen su manne, yatsa ya kasa ƙara lanƙwashewa, a ji kamar an riƙe abu mai tauri. Birki ne, ba inji ba. Nauyin da ke kan kowane yatsa bai kai giram 8 ba, kuma wutar da yake ci 'yar kaɗan ce, tunda riƙe caji ba ya shan batir kamar juya inji.

Ɗakin binciken Herbert Shea a EPFL ya kuma ƙera wasu ƙananan jakunkuna masu mai a ciki, da suka kira HAXEL. Caji ya matse gefen jakar, man ya taru a tsakiya, ta kumbura ta taɓa fata. Wannan ana jin sa ko yatsa na tsaye, sai dai yana buƙatar bolt mai yawa fiye da na gilashi.

Zai taimaki makafi?

Wajen zane da taswira, ƙwarai: gefen hanya, iyakar ƙasa, layin jadawali a darasin lissafi, duk ana iya sa yatsa ya bi su. Rubutun makafi na ɗigo shida kuwa ya fi ƙarfinsa a yanzu. Mai karanta shi yana jin ɗigo da yawa lokaci guda ƙarƙashin yatsa ɗaya, kowanne a mazauninsa, shi kuma gilashin abu guda yake ba duk faɗin fatar da ta taɓa shi. Shi ya sa na'urorin karatun makafi har yanzu suke amfani da ƙananan ƙusoshi masu tasowa da komawa, duk da tsadarsu.