Kafin ka tashi daga gaban kwamfutar makaranta

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta yi bankwana da takarda da fensir. Duk yaron da ke burin shiga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ko ta Dutsin-Ma, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, dole ya zauna gaban kwamfuta ya amsa tambayoyi 180 cikin awa biyu. WAEC ma ta kama wannan hanya a 2024, ta fara da masu rubuta jarrabawa da kansu, ba ta hannun makaranta ba. Ga yaron da babu kwamfuta a gidansu, kuma irinsa ne suka cika azuzuwanmu, ɗakin kwamfuta na makaranta shi ne kaɗai wurin da hannunsa zai saba kafin wannan rana.

Ina zagayen makarantu a nan Katsina don wayar da kan ɗalibai, kuma abin da nake tararwa yana damuna. Wata makarantar ɗakin a garƙame yake, mabuɗi yana aljihun malami guda, na'urorin suna lulluɓe da leda, wai kada yara su ɓata. Wata kuwa a buɗe yake, amma babu babba a ciki, kowa na cin karensa ba babbaka. Ta farkon za ta tura yaro zauren jarrabawa hannunsa na rawa a kan linzamin kwamfuta (mouse), bai ma san harafin N ne ke kai shi tambaya ta gaba, P kuma ya dawo da shi baya ba. Ta biyun kuwa kafin zango ya ƙare rabin na'urorin sun kwanta. Da ku ɗalibai zan fi magana, domin in kun riƙe amana, babu malamin da zai sami hujjar kulle muku ƙofa.

Ƙannena, ku fara da sanin cewa mintin da kuke zaune a wurin nan ba kyauta ya zo ba. In babu wutar KEDCO, fetur aka saya aka zuba wa janareta, sau da yawa da kuɗin da iyayenku suka harhaɗa. In sola ce, batirin yana da iyakar abin da zai ɗauka. Datar ma saye aka yi. Ga ku uku ko huɗu a kan na'ura ɗaya. Wanda ya kankane madannai yana kallon ƙwallo har aka kaɗa ƙararrawa ya ci haƙƙin 'yan uwansa, ko da babu wanda ya tanka masa. A makarantun da ake haɗa maza da mata nakan ga yarinya ta ƙare darasi a tsaye bayan kujera, ba ta taɓa komai ba. Katsina na cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na tallafa wa karatun 'yan mata, kuma koyar da su aiki da na'ura na cikin abin da shirin ya ƙunsa. Kallo daga bayan kujera ba koyo ba ne, a ba ta linzamin.

Kwamfutar makaranta kamar rijiyar unguwa take: mutum ɗaya ya zura ƙazamin guga, kowa ya sha dauɗar. Gugan nan shi ne filashi, 'yar ma'ajiyar fayiloli da ake sokawa a jikin kwamfuta. Yaro ya kai filashinsa wurin masu tura waƙa da fim a kasuwa, gobe ya zo ya soka a na'urar makaranta. Sai ka ga duk fayilolin da ke ciki sun rikiɗe, kowanne da 'yar kibiya a gefensa. Ka danna, babu aikinka, bairos ɗin kuma ya shige. Wanda ya zo bayanka da nasa filashin shi ma ya kwasa ya kai gaba. Kada a soka filashi sai malami ya bincika shi, kada a sauke wasa ko manhaja ba da izini ba. Ruwan leda da ƙuli-ƙuli su tsaya a waje. In an gama a kashe na'ura ta hanyarta, ba a fizge waya daga bango ba, sannan a lulluɓe ta, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da kuke bari a baya in kun tashi. A wata makaranta wata ɗaliba ta shiga Facebook ɗinta a ɗakin kwamfuta, aka kaɗa ƙararrawa, ta rufe shafin ta tafi. Rufe shafi ba fita ba ne. Wanda ya zauna bayanta ya tarar da komai a buɗe, ya rubuta maganganun banza da sunanta, ya aika wa mutanen da ke hulɗa da ita, har da yayanta. Kafin gaskiya ta fito magana ta kai gida, mahaifinta ya ce ta gama boko. Sai da malamai suka yi ta sintiri kafin ya sauko. Shi yaron wasa ya ɗauka.

Don haka kafin ka miƙe, nemi inda aka rubuta Log out ka danna, ka tsaya ka ga shafin ya koma yana neman suna da kalmar sirri. In kwamfuta ta tambaye ka ko ta adana maka kalmar sirrinka, ka ce a'a. Ba taka ba ce kai kaɗai. In ka haɗa WhatsApp ɗin wayarka da ita, sani cewa yana nan a haɗe bayan ka tafi gida, duk saƙon da ya shigo wani na karantawa, har sai ka shiga wayarka wurin na'urorin da aka haɗa ka cire ta. Ka duba inda abubuwan da aka sauke ke taruwa. Na sha buɗe wurin nan in tarar da takardun NIN, da sakamakon jarrabawa, da hotunan fasfo na yara birjik. Ka goge naka, ka kuma zubar da kwandon shara na na'urar. Kalmar sirri kuwa ko aminin da kuke cin kwano ɗaya ba a ba shi, kuma kada ta zama sunanka da shekarar haihuwarka.

Masu shirin JAMB, ku ƙara kula. Da lambar NIN ɗinku za ku aika saƙo zuwa 55019 ko 66019 a ba ku lambar rajista, kuma layin da kuka yi amfani da shi ya ɗaure da sunanku ke nan. Ya zama layinka ne ko na gidanku da ba zai ɓata ba, imel ɗin ma naka, ba na mai shagon kafe ba. Duk wanda ya kira ya ce ka karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarka, wai zai saka ka a zauren WhatsApp na tallafin karatu, ɓarawo ne, WhatsApp ɗinka yake so ya ƙwace ya roƙi danginka kuɗi da sunanka. Haka mai cewa ka turo kuɗi ya ba ka amsoshin jarrabawa ko ya ƙara maka maki.

Sai abin da kuke turawa. Magana zarar bunu ce, ta intanet ma ta fi, don wani ya riga ya ɗauki hotonta kafin ka goge. A halin da jiharmu ke ciki, saƙo ɗaya na ƙarya cewa an ga 'yan bindiga kusa da makaranta kaza ya isa ya sa iyaye su bazamo, yara su tattake juna a bakin ƙofa. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi. Kun karanta ta a Islamiyya. In ka ji abin tsoro, malami za ka gaya wa. Ɗaukar hoton ɗaliba ko malami a ɓoye a watsa don a yi dariya cin mutunci ne. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci kan kutse cikin asusun wani, da sojan gona da sunan wani, da barazana, da yaɗa hotunan batsa na yara. Caca ta intanet kuwa ba ta da gurbi a makaranta ko kaɗan.

Aikin gida da aka kwafo daga intanet, ko aka sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta, ba ya shiga kai, kuma manhajar kan yi kuskure ta faɗe shi da ƙarfin gwiwa. Karanta, gwada da littafinka, rubuta da bakinka. Ku kuma tausaya wa idanunku: duk bayan minti 20 a ɗaga kai a kalli abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. Wanda ke matse ido ko kansa ke ciwo in ya kalli allo, a kai shi a auna idon.

Malamai, Allah ya saka da alheri, na san aikin ya yi muku yawa. Amma a jera na'urori fuskarsu na kallon tsakiyar ɗaki, a ajiye littafin da kowa zai rubuta sunansa da lambar na'urar da ya zauna, a ware wa ɗalibai asusun da ba ya iya saka manhaja, a rubuta dokokin da Hausa a liƙa a bango. Iyaye, roƙona ɗaya ne. In yarinya ta zo ta ce wani na damunta da saƙo, ko yana mata barazana da hotonta, kada bulala ta zama amsar farko. Wadda aka daka yau gobe ba za ta faɗa ba, shi kuma mai barazanar shirun nan yake nema.

In kuwa abin ya riga ya faru, an shiga asusunka, kada ka ɓoye don kunya. Canza kalmar sirri nan take, ka fitar da duk na'urorin da ke haɗe da asusun, ka sanar da dangi ta kiran waya kada kowa ya tura kuɗi. In lambar BVN ko ta katin banki ta fita, a je banki ranar a toshe. Kada ka goge saƙonnin barazana. Ɗauki hotonsu, ka kai wa malamin da ka yarda da shi ko shugaban makaranta, su raka ka da iyayenka wurin 'yan sanda in abin ya kai haka.