Sayen motar hannu mai giya atomatik: tambayoyi da amsoshi

Mai neman motar hannu atomatik buri biyu gare shi: ya sami wadda ba za ta riƙa kwana a gareji ba, kuma wadda ba za ta ƙarar masa da aljihu a gidan mai ba. Ana iya samun duka biyun, amma sai an san inda ake dubawa, domin a irin wannan mota giyar ce ke yanke hukunci, ba fenti ko sunan kamfani ba.

Malam, ka faɗa mini sunan motar da ba ta ba da matsala kawai, in je in nema.

Akwai sunayen da suka daɗe da samun shaidar juriya: Toyota Corolla da Yaris, Honda Civic da Jazz (a wasu ƙasashe Fit ake ce mata), da Mazda 3. Corolla tun 1966 ake ƙera ta, kuma a 2021 adadin da aka sayar ya haura miliyan 50. Amfanin wannan yawa gare ka shi ne kayan gyaranta ba sa wuyar samu, kuma da wuya ka je wurin makaniken da bai taɓa kwance ta ba.

Sai dai suna ɗaya yakan ɗauki giya iri daban-daban, gwargwadon shekarar ƙira da ƙasar da aka yi motar dominta. Corollar Amurka tana zuwa da tsohuwar giya mai hawa 4 har zuwa ƙirar 2013, daga 2014 akasarinsu suka koma CVT, wato giya marar hawa-hawa. Jazz da aka sayar a Turai wajen 2009 da 2010 tana da wata giya mai suna i-Shift, wadda Honda ta ajiye ta koma CVT a 2011, alhali 'yar'uwarta Fit ta Amurka a waɗannan shekarun giya mai hawa 5 irin ta da take da ita. Saboda haka tambayarka ta farko ga mai sayarwa ita ce: wace irin giya ce a ciki?

Ashe giyar atomatik ba iri ɗaya ba ce?

Iri huɗu ne za ka fi cin karo da su, kuma daga kujerar direba duk P, R, N da D za ka gani.

Ta farko ita ce mai kombata, wadda mai ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya. Ita ce tsohuwar hanya, an shafe shekaru da dama ana gyara kurakuranta, tana jure cunkoso da zafi da kaya, kuma makanikai sun santa ciki da waje. Kamfanonin Aisin na Japan da ZF na Jamus sun yi suna a kanta, Mazda ma ita ta riƙe a giyarta mai hawa 6. Idan za ka riƙe mota shekaru masu yawa kuma ba ka son ba-zata, ni wannan nake fara nuna maka.

Ta biyu CVT ce. Ba ta da hawa-hawan giya, bel ne na ƙarfe ko sarƙa ke gudu tsakanin fuli biyu masu buɗewa da tsukewa. Tana da laushin tafiya da tattalin mai, amma ba ta yafe sakaci: tsohon mai, mai da ba nata ba, ko zafi mai yawa suna cinye ta, kuma idan ta mutu sau da yawa sai dai a canja ta ɗungurungum.

Ta uku mai kuloci biyu ce, wadda Volkswagen ke kira DSG tun 2003, Ford kuma PowerShift. A gininta giyar manuwal ce da kwamfuta ke sarrafawa, tana canjawa da sauri, tana kuma rage shan mai a doguwar hanya. Wata kulocinta a cikin mai yake, wata busasshe ne. Busasshen nan ba ya son ja-ka-tsaya na cunkoso, domin yana ɗaukar zafi.

Ta huɗu ita ce manuwal mai kuloci ɗaya da aka ɗora wa na'urar canja giya, irin i-Shift ɗin da na ambata da MMT ta Toyota. Tana da tattali, amma tana dungure kai duk sanda za ta canja, kuma mutane da yawa ba sa sabawa da ita. Kada ka saye ta ba ka tuƙa ta a cunkoso da kan gangara ba.

To in guje wa CVT da mai kuloci biyu ke nan?

Ba gaba ɗaya ba, amma ka san tarihin da ke bayansu. Busasshiyar PowerShift da aka sa wa Ford Fiesta ƙirar 2011 zuwa 2016 da Focus ƙirar 2012 zuwa 2016 ta jawo ƙorafin karkarwa da fizga har aka kai ga shari'o'i a Amurka, kuma a 2018 kotu a Ostireliya ta ci tarar kamfanin kan yadda ya tafiyar da koke-koken masu motocin. Volkswagen a 2013 ya kira ɗimbin motoci masu busasshiyar DSG mai hawa 7 domin gyara. Nissan kuwa sai da ya ninka garantin CVT na motocinsa ƙirar 2003 zuwa 2010 a Amurka, ya kai shi shekara 10 ko mil 120,000. Waɗannan abubuwa ne da suka faru a bainar jama'a, kuma motocin suna nan birjik a kasuwar hannu, sau da yawa da farashi mai jan hankali. Araha ba ta ado.

Wannan ba ya nufin kowace CVT matsala ce. Ta ƙananan motocin Toyota da Honda na baya-bayan nan tana yin nisan kwana idan ana canja mata mai a kan lokaci. Sharaɗina ɗaya ne: in ga shaidar canjin man a rubuce. Babu shaida, babu ciniki.

Gaskiya ne atomatik ta fi manuwal shan mai?

A tsofaffi masu hawa 3 ko 4, gaskiya ne. A na zamani masu hawa 6 zuwa 8 da CVT, tazarar ta kusa ɓacewa, wani lokacin ma atomatik ɗin ce ke gaba.

Amma mu yi lissafi, domin a nan mutane suke ruɗuwa. A ce mota ɗaya tana shan lita 7 a kilomita 100, ɗayar lita 8, kai kuma kana yin kilomita 15,000 a shekara. Bambancin lita 150 ne a shekara guda. Kuɗi ne, ba a raina shi ba, amma canja giyabos sau ɗaya zai iya haɗiye ribar shekaru da yawa. Shi ya sa nake ganin tsohuwar giya mai ɗan ƙarin shan mai amma lafiyayya ta fi sabuwar fasahar da ba a kula da ita ba tattali.

Game da inji, na fetur mai silinda 4 da girmansa bai wuce lita 1.3 zuwa 1.8 ba, marar turbo, ya ishi yawancin iyalai, kuma abubuwan lalacewa a jikinsa kaɗan ne. Dizal na mai doguwar tafiya ne. Na zamani yana da matatar hayaƙi a salansa wadda sai ta yi zafi sosai take ƙone tokar da ta tara, don haka gajerun zirga-zirga cikin gari suna toshe ta.

Motar haibrid fa, mai haɗa fetur da lantarki? Ana tsoratar da ni da batirinta.

Ga mai yawo cikin gari babu kamarta wajen tattali, domin tana kashe inji idan an tsaya, tana kuma mayar da ƙarfin birki caji. Toyota Prius tun 1997 take kan hanya, ba sabon gwaji ba ne. Wani abin da ba kowa ya sani ba: giyar haibrid ɗin Toyota, duk da ana kiranta e-CVT, ba ta da bel ko kuloci irin na canja giya. Haƙoran giya ne da injinan lantarki biyu, kuma tana cikin mafi ƙarancin lalacewa.

Tsoron batir yana da tushe, domin yana tsufa da shekaru da zafi. A Amurka garantinsa shekara 8 ne ko mil 100,000, daga ƙirar 2020 Toyota ta ƙara zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Idan motar ta wuce wannan, a gwada lafiyar batirin da kwamfuta, ka kuma tambayi kuɗin canja shi da wanda ya iya aikin a inda kake kafin ka biya, ba bayan ka biya ba.

Kilomita nawa ne ya yi yawa?

Babu lamba ɗaya. Motar da ta yi kilomita 180,000 a manyan hanyoyi da takardun sabis cikakku ta fi wadda ta yi 80,000 a cunkoso ba a san ranar da aka canja mata mai ba. Ka tuna kuma wasu mitoci da mil suke ƙirga, mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Mita ana iya juya ta baya, don haka ka gwama abin da take nunawa da suɗewar sitiyari, robar birki da kujerar direba, da kuma lambobin da ke kan rasitan gareji.

Mai motar ya ce man giyarta na har abada ne, ba a canja shi.

Wasu kamfanoni suna rubuta haka, amma mai yana tsufa, yana ƙonewa, yana tara garin ƙarfe. DSG mai kuloci cikin mai, alal misali, duk kilomita 60,000 ake son a canja mata. Idan motar tana da gejin man giya, zaro shi ka shafa a farin ƙyalle. Man giya mai kombata galibi ja ne garai-garai. Idan ya koma baƙi yana warin ƙuna, ko ka ga ƙyallin ƙarfe, giyar ta riga ta wahala. Idan ya yi kauri fari-fari mai ruwan hoda, ruwan lagireto ne ya shiga, ka juya ka tafi. Man CVT launinsa yakan bambanta, wani kore ne, kuma kowace da nata: Nissan na da NS-2 da NS-3, Honda na da HCF-2. Zuba wanda ba shi ba kashe giya ne. Motoci da yawa na zamani ba su da gejin ma sam, sai an ɗaga su a gareji.

Yaya zan gwada ta in gane gaskiyarta?

Ka nemi a bar maka ita da sanyinta, kada a tayar kafin ka zo. Taɓa bonet ka tabbatar. Matsaloli da yawa da sanyi suke bayyana, su ɓuya idan inji ya ɗumama.

Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Dole fitilun gargaɗi su kama, har da ta inji da ta jakar iska, sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba ko kaɗan, akwai yiwuwar an cire ta ne don ɓoye laifi.

Taka birki ka sa D, ka dawo N, ka sa R. Ya kamata ta kama cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, a hankali. Jinkiri ko bugu mai girgiza mota alama ce mara kyau. Saki birki a fili, ta fara tafiya da kanta sannu-sannu ba tare da karkarwa ba. A nan ne kuloci biyu mai ciwo yake tona kansa.

Sannan ku hau hanya, kuma kada ka yarda da zagayen layi ɗaya. Minti 20 zuwa 30 ake so, domin wasu giyoyin sai man ya yi zafi suke fara zamewa. Kashe rediyo. Yi tafiyar cunkoso, hau tudu, sannan ka sami buɗaɗɗiyar hanya ka taka totur sosai. Idan inji ya yi ihu amma gudu bai ƙaru ba, giya tana zamewa. A CVT inji yakan tsaya kan ƙara ɗaya yayin da gudu ke hawa, wannan ɗabi'arta ce, amma kuka mai kaifi, fizga ko karkarwa ba ɗabi'a ba ne. Bayan kun dawo ka sake gwada ribas da zafinta, ka bar ta tana aiki ka ga ko allurar zafi za ta haura, ka leƙa ƙasa ka nemi ɗigon mai.

Idan na yi duk wannan, ina buƙatar makanike kuma?

Ƙwarai, kuma naka, ba na mai sayarwa ba. Ya zo da na'urar karanta kwamfutar mota. Mahaɗinta, OBD-II, wajibi ne a motocin Amurka tun 1996, a na fetur na Turai tun 2001. Lambobin laifi da suka fara da P07 na giya ne. Ya duba kuma ko an goge bayanan kwanan nan, domin na'urar tana nuna cewa gwaje-gwajen da mota ke yi wa kanta ba su kammala ba. Mai sayarwar da ya hana a kawo makanike ya riga ya ba ka amsa.

Ta yaya zan san ba ta yi mummunan haɗari ko nitsewa a ruwa ba?

Lambar casis, wato VIN, haruffa da lambobi 17 ce. Ta jikin gilashin gaba da ta gefen ƙofa da ta takardu dole su zo ɗaya. Da ita ake binciken tarihin mota a intanet a ƙasashen da ke adana shi, da ita kuma za ka san ko akwai kiran gyara da ba a yi ba, kamar na jakunkunan iska na kamfanin Takata da ya shafi miliyoyin motoci na kamfanoni da yawa. Fenti mai launi biyu, tazarar ƙofofi da ba ta daidaita ba, da walda a ƙarƙashin bonet ko but suna nuna haɗari. Ruwa kuma yana barin warin danshi, laka a ƙarƙashin kafet, da tsatsa a ƙarafan kujera. Motar da ta sha ruwa ba na ba da shawarar saye ko nawa aka rage, domin wayoyinta da kwamfutar giyarta a hankali suke ruɓewa.

Na saya. Me zan fara yi?

Kada kuɗin saye ya cinye duk abin da ke hannunka, ka rage na sabis ɗin farko: baƙin mai da filta, ruwan lagireto, man birki, da man giya irin wanda littafin motar ya ambata. Idan giyar ta yi nisa kuma ba a san tarihinta ba, a tsiyaye tsohon man a zuba sabo, kada a wanke ta da injin matsi. Idan injinta na bel ɗin taimin ne ba sarƙa ba, kuma babu shaidar canji, a canja shi yanzu. Duba shekarun tayoyi a lambobi huɗun da ke gefensu: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Wajen tuƙi kuma, ka tsaya cak kafin ka sauya daga D zuwa R, ka ja birkin hannu kafin ka sa P a kan gangara. Idan ta mutu a hanya, atomatik ba ta tashi da turi, kuma ba a janta da igiya tafiya mai nisa tayoyin da ke jan ta suna ƙasa. A ɗora ta kan motar ɗaukar motoci.