Malcolm Marshall

Malcolm Denzil Marshall (18 Afrilu 1958 zuwa 4 Nuwamba 1999) ɗan wasan kurket ne daga tsibirin Barbados, wanda ya shahara a jifan ƙwallo mai tsananin sauri. Ya buga wa West Indies, wato haɗakar ƙasashen Karibiyan masu magana da Turanci, wasanni 81 na Test, babban wasan ƙasa da ƙasa da ake kwana biyar ana yi. A kurket, aikin mai jifa shi ne ya fitar da mai dukan ƙwallo da sanda daga fili kafin ya tara maki. A wasannin nan ya fitar da masu dukan ƙwallo sau 376, kuma a lissafi maki 20.94 kacal ake ci a kansa kafin ya fitar da mutum guda. Wannan adadi ya daɗe babu kamarsa a tsakanin waɗanda suka fitar da mutum 200 zuwa sama.

Tasowarsa

An haife shi a Bridgetown. Mahaifinsa ɗan sanda ne, ya rasu a hatsarin hanya lokacin Marshall bai wuce shekara ɗaya ba, don haka kakansa ya taimaka wajen renonsa, shi ne ma ya fara nuna masa wasan.

Shigarsa ƙungiyar West Indies

A farkon 1978 ya buga wa Barbados babban wasansa na farko, da Jamaika, ya fitar da mutum shida a kan maki 77. Wasan nan guda ɗaya ya ishe shi samun gurbi a tawagar da ta tafi Indiya a ƙarshen shekarar. Dalili kuwa, manyan 'yan wasan West Indies sun koma gasar da attajirin nan na Ostiraliya, Kerry Packer, ya kafa, hukumar wasan ta shiga neman matasa ruwa a jallo. Ya fara Test a Bangalore a Disamban 1978, aka fitar da shi bai ci ko maki ɗaya ba, a wani hukunci da bai taɓa yarda da shi ba. Ana cewa tun daga ranar ya ƙullaci Dilip Vengsarkar, ɗan Indiyan da ya nemi a fitar da shi.

Da manyan suka dawo, sai ya koma jiran layi. A gabansa akwai Andy Roberts da Michael Holding da Joel Garner da Colin Croft, kuma samun wuri a cikinsu ba abin wasa ba ne. Sai a wajajen 1983 ya zama wanda ba a ajiyewa. A rangadin Indiya na ƙarshen wannan shekara ya fitar da mutum 33, ya kuma ci maki 92 da sandarsa a Kanpur, wanda shi ne mafi yawa da ya taɓa ci a Test.

Salon jifansa

Tsayinsa bai wuce santimita 180 ba, alhali Garner ya zarce mita biyu. Sai ga shi gajartar ta zame masa makami. Ƙwallon dogon mutum kan daki ƙasa ya tashi sama sosai, mai duka ya gan shi ya sunkuya. Na Marshall kuwa zamewa yake yi ya taso kai tsaye zuwa haƙarƙari ko fuska, kafin mutum ya ankara. Yakan taho a guje ta karkace, ƙirjinsa na fuskantar mai duka, hannunsa ya juya cikin ƙiftawar ido. Yana iya lanƙwasa ƙwallo a iska waje ko ciki, daga baya kuma ya ƙware a murza shi da yatsu ya kauce bayan ya taɓa ƙasa. Abokan wasansa sun fi yabon kaifin tunaninsa, domin yakan gano lagon mai duka cikin jifa kaɗan.

Jifansa ya ji wa mutane ciwo. Andy Lloyd na Ingila ya sha ƙwallo a gefen kai a Edgbaston a 1984, a wasansa na farko na Test, bai sake buga wani ba. A 1986 kuma ya fasa hancin Mike Gatting na Ingila a Kingston. An yi ta muhawara a lokacin kan yawan jifan da ake auna jiki da shi; masu suka na kiransa tsoratarwa, 'yan Karibiyan na cewa doka ba ta hana ba.

Headingley, 1984

Wasan da aka fi tunawa da shi an yi shi ne a Headingley da ke Leeds, a Yulin 1984. Da safiyar ranar farko babban yatsansa na hagu ya karye a wuri biyu yana tare ƙwallo, kowa ya ɗauka shi ke nan. Da mutum na tara na West Indies ya fita, Larry Gomes na da maki 96, saura huɗu ya cika ɗari, kuma babu wanda ya rage ya tsaya masa, alhali dole masu duka su zama biyu a fili. Sai ga Marshall ya fito da hannu a ɗaure, ya riƙe sanda da hannu ɗaya har Gomes ya cika ɗarinsa. Bai tsaya nan ba: a zagaye na biyu ya yi jifa da filasta a hannun, ya fitar da 'yan Ingila bakwai a kan maki 53. West Indies, ƙarƙashin Clive Lloyd, ta cinye duka wasanni biyar na wannan rangadi.

Bayan shekara huɗu ya dawo Ingila ya fitar da mutum 35, ciki har da bakwai a kan maki 22 a Old Trafford, adadinsa mafi kyau a zagaye guda. Wasansa na ƙarshe na Test a filin Oval ya yi shi a 1991, kuma Graham Gooch na Ingila ne mutum na 376.

Hampshire da Natal

Ya buga wa gundumar Hampshire ta Ingila daga 1979 zuwa 1993. A kakar 1982 kaɗai ya fitar da mutum 134, sannan yana cikin waɗanda suka ɗauki kofin Benson & Hedges a 1992. Bai shiga tawagar 'yan tawaye da ta je Afirka ta Kudu a zamanin wariyar launin fata ba. Sai da mulkin ya kama hanyar rushewa ya koma ƙungiyar lardin Natal na ƙasar, inda matashi Shaun Pollock ya koyi sana'a a hannunsa.

A wasannin yini ɗaya ya buga wa West Indies sau 136, ya fitar da mutum 157.

Koyarwa da rasuwarsa

A 1996 ya zama mai horar da West Indies, lokacin ƙarfin ƙungiyar ya soma ja da baya. Ana cikin gasar cin kofin duniya ta 1999 a Ingila aka gano yana da ciwon daji a hanji. Ya bar aikin ya shiga jinya, ya rasu a Bridgetown a watan Nuwamba yana da shekara 41. Hanyar da ke shiga filin wasan Hampshire, kusa da Southampton, sunansa aka sa mata: Marshall Drive.